Hassadar Da Na Yi Wa Yarinyar Gado Na Shida

Wata rana, a ɗakin marasa lafiya na wani babban asibiti, na yi wa yarinya 'yar shekara sha huɗu hassada.

Ni ɗin nan da nake cika muku shafi da nasiha kullum. Yau kaina zan tona wa asiri.

Lokacin ina jinyar Safara'u ne, 'yar yayana. Shekararta sha biyar aka gano tana da sankarar jini. Mahaifiyarta na da goyo, don haka ni goggonta na tattara kayana daga Ringim na tare a gindin gadonta.

Wanda bai yi jinyar wannan cuta ba, bai san yadda take cin gida ba.

Yaya tela ne. Keken ɗinkinsa ya tafi, na surfani ya bi shi, babur ma ya bi su. Matarsa ta cire 'yan kunnen aurenta ta miƙa. Aka janye ƙannen Safara'u daga makarantar kuɗi. Gidan da ake miyar nama ya koma kuka da daddawa, ita ma ba kullum ba.

Likita kuma bai ɓoye mana komai ba. Ya ce allurar wannan cuta zagaye-zagaye ake yin ta, kowane zagaye da ranarsa. In aka tsallake, cutar sai ta samu damar farfaɗowa, duk wahalar baya ta tashi a banza.

Zagayen Safara'u na gaba ranar Alhamis ne.

Ranar Litinin ba mu da ko kwalba ɗaya ta allurar.

A gado na shida, daura da namu, akwai wata yarinya, Ikilima. Cutarsu ɗaya da Safara'u, gashin duk ya zube, kowacce da hularta. Abu ɗaya ne ya raba su.

Ita Ikilima an ɗauki bidiyonta an sa a waya, ya karaɗe ko'ina.

Kullum sai baƙi sun zo. Mata masu ƙamshin turare, samari 'yan ƙungiya, har da wani dattijo da ya taso takanas daga Funtuwa. Kankana, madara, sabon bargo, ambulan a ƙarƙashin matashin kai. A firjin ɗakin kuwa, kwalaben allurarta jere suke reras da sunanta a jiki.

Duk sanda ma'aikaciyar jinya ta buɗe firjin nan, sai na kai ido.

Na roƙi Yaya ya bari mu ma mu ɗauki bidiyon Safara'u. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce shi ba zai baje kolin 'yarsa ba gashi duniya ta kalla ba, Allah da Ya ɗora masa Shi zai sauke masa. Na yi fushi har na kwana biyu ba na ɗaukar wayarsa.

Amma fushin bai tsaya kan Yaya ba. Ya gangaro gado na shida.

Mahaifiyar Ikilima mace ce mai shiru-shiru, ba ta taɓa cin abu ba ta miƙo mana ba. Ni kuwa in ta miƙo kankana, sai in ga kamar gori take min. In ta gaishe ni, in amsa a daƙile. Ko dariyar Ikilima na ji, sai in ɗaure fuska.

Har lissafa baƙinsu nake yi a zuci. Yau bakwai. Jiya goma sha ɗaya. Mu kuwa sai Yaya, da ledar burodi da idanu jajur.

Na san sunan abin da ke damuna sarai. Hassada ce, tsagwaronta. Amma sai na sa mata riga na kira ta neman adalci.

Ranar Talata da hantsi, mahaifiyar Ikilima ta sauka karɓo sakamakon gwaji. Ikilima na kwance ta juya mana baya, idonta a rufe. Sai ga wata Hajiya ta shigo da ambulan a hannu, tana tambayar ina yarinyar bidiyo.

Da na nuna mata gadon na kama bakina, da shi ke nan.

Sai na matsa kusa da ita na rage murya. Na ce mata waɗannan ai sun samu fiye da buƙata, firji cike yake da maganinsu, har kyautar abinci suke yi. Na ce ga masu buƙatar gaskiya nan ba wanda ya san da su.

Na zaci za ta juyo ta kalli Safara'u.

Ba ta juyo ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta mayar da ambulan cikin jaka, ta ce za ta dawo. Har yau ba ta dawo ba.

Ban samu ba, na hana wasu. Kuma magana zarar bunu ce.

Washegari Laraba na fita sayo koko, na dawo na tarar suna haɗa kaya. An naɗe bargo, an ɗaure kwanuka, an sa wa Ikilima doguwar riga mai kyau da mayafi.

Wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne: ka ga masu gata, har sun warke za su tafi gida su bar mu.

Na yi murmushin da bai wuce leɓe ba, na ce da mahaifiyarta:

"Maman Ikilima, gida za a tafi? Lallai kun ji daɗi, Allah Ya sa mu ma mu ga wannan rana."

Ta ajiye ledar hannunta ta ja ni gefe.

"Goggon Safara'u, kar ki roƙi irin wannan ranar. Sakamakon jiya ya nuna maganin ya daina yi mata aiki. Likita ya ce mu kai ta gida cikin 'yan'uwanta."

 

Ta ce kwalaben da ke firji irin na Safara'u ne, ta riga ta yi magana da likita, ya duba ya amince a mayar da su sunan Safara'u. Za su ishe ta gobe, har da zagayen da ke biye.

Na fara cewa ba zan iya karɓa ba, sai ta girgiza kai.

"Ba ni na ba ki ba, Ikilima ce. Ta ce jiya ba barci take yi ba, ta ji abin da kika gaya wa baƙuwar nan. Ta ce gaskiya kika faɗa, mun samu fiye da buƙata."

Ba ta faɗe shi da gori ba. Da ta zage ni ma, da ya fi min sauƙi.

Na juya na kalli yarinyar. Tana zaune a keken marasa lafiya, Safara'u ta miƙo hannu daga gadonta sun riƙe juna suna magana ƙasa-ƙasa. Da Ikilima ta ga ina kallonta, sai ta ce min sai wata rana, Goggo.

 Na so in durƙusa in ce ta yafe min, na ce bari a rage mutane tukuna. Kafin a rage, an tura kekenta an fita.

Ko lambar wayarsu ban karɓa ba. Sunan mahaifiyarta na gaskiya ma ban sani ba har yau, don duk zaman da muka yi ban taɓa tambayarta ba.

Ranar Alhamis aka yi wa Safara'u allurarta a kan lokaci. Ina tsaye ina kallon kwalbar, an manna sunanta a kan na Ikilima, amma ana hango harufan ƙasan.

Bayan kwana tara, wata ma'aikaciyar jinya ta gaya min Ikilima ta rasu.

Safara'u tana nan da ranta, ana ci gaba da magani, gashinta ya fara tsirowa. Yaya ya samu aron keke ya koma ɗinki. Kowa a gidanmu yana yi wa Ikilima addu'a a matsayin wadda ta taimake mu.

Ni kaɗai na san cewa ban nemi gafararta ba.

Darasi: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda kake ƙirga baƙinsa da kyaututtukansa, wataƙila shi kwanakinsa yake ƙirgawa. Talauci da tsoro suna iya sa mutumin kirki ya yi hassada, amma ba su ne za su amsa tambaya a madadin harshensa ba. In kuwa ka ɓata wa wani, nemi afuwarsa tun yana gabanka, kar ka jira a rage mutane.

Ku yi wa Ikilima addu'a, Allah Ya jiƙanta, Ya ba iyayenta haƙuri. Ku tura wannan ga duk wanda kuka sani, ko Allah zai sa ya kai hannun mahaifiyarta, ta san cewa goggon Safara'u tana neman yafiya.