Shanun Baba da akuyar da bai yafe wa ba

Shekarun baya, lokacin da nake neman auren matata a Dabai, an sa ni golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukinsa. Ni kuwa ɗan fenti ne a Zuru, hannuna bai san fartanya ba. Kunyar da na ja a gonarsu, sai ka rantse maciji ne ya bi ta wurin.

Mahaifinta tsohon soja ne. Ya dubi gonar, ya dube ni, ya ce, "Da wannan za ka ciyar mini da 'ya?"

Da na ga auren na neman kuɓuce mini, na roƙi ya bar ni in yi wa bangon zaurensa zane. Ina da wani tsohon littafi mai hotunan zanen Misirawan dā, shi na kwaikwaya. Na jera shanunsa biyu, kare da akuya, kowanne ya ba da gefe da ido ɗaya. Shi kuma na yi shi ƙato, bijimi iya gwiwarsa. Baba ya ji daɗi har ya kira maƙwabta.

Sai bakina ya ja mini. Don a san na yi karatu, na ce, "Ai Baba, a kabari suke irin wannan, don mamaci ya tarar da dabbobinsa a can."

Baba ya juyo ya dube ni.

"Wato har ka binne ni?"

Na fara neman takalmana da ido. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Duk abin da aka zana, mutum zai same shi?"

"Haka suka yi imani, Baba."

"To shanu biyu me za su yi mini? Cika bangon! Akuyar nan kuma goge ta. Ta cinye mini dawa a duniya, ba za ta bi ni can ba."

Ranar ya fara kirana ɗansa.

Baba ya rasu tuni, kuma har yau ina kewarsa. Duk damina ruwan da ke yoyo ta rufin zauren kan wanke farar ƙasar da na shafe akuyar da ita, sai ka ga ƙahonta ya leƙo. Matata na gani za ta miƙo mini buroshi.

"Je ka kore ta, a bar Baba ya huta."