Hannun da Ake Gudu a Bukoki

Sunanta 'Yargata, amma wanda ya raɗa mata shi bai san Arlit za ta ƙare ba. Daga Tasawa ta zo tana amarya, a bayan babbar mota, ta biyo mijinta Ɗalhatu da ya samu aiki a ramin yuraniyom. Ta haifi 'ya'ya, ta binne wasu, tari ya ɗauke mijin, ita kuwa ta zauna a unguwar Bukoki har kanta ya yi fari fat. A nan ta gaji aikin da ba mai so: in mace ta rasu, ita ake kira ta yi mata wanka.

Mutanen Bukoki kuwa, Allah ya shirye su. Ranar mutuwa da gudu suke zuwa, "Inna, Inna," kamar su goya ta. Da an yi sadakar uku, in ta miƙa wa yaro dabino sai uwar ta janye shi. Har cikin gidanta haka ne. Zinatu, matar ɗanta Faisal, ta ware mata kwano da moɗa, wai girmamawa ce. Da Zinatu ta haifi 'yarta Hauwa, kullum da dalili: yanzu ta yi barci, yanzu ta sha nono. Jikar ta fara zama, kakar ba ta taɓa ɗaukarta ba. Abin yana cin ran 'Yargata ƙwarai, amma ba ta ce uffan ba. Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani, kuma shirun ya zame mata jiki.

Da aka rufe ramin yuraniyom na Akokan, mutane suka yi ta kwashe kaya suna komawa kudu, har da Mairamu, tsohuwar da ke zuba mata ruwa wurin wanka. Faisal ma ya yanke tasa shawarar: a mai da Inna Tasawa ta huta. Ta ce masa waɗanda suka san fuskarta a can duk suna ƙarƙashin ƙasa. Ya ce ita dai ba ta son hutu. Gaskiyar magana, ya gaji da a nuna shi a ce ga ɗan mai wankan gawa.

Ranar tafiya Faisal da Zinatu suka rako ta tasha da safe, rana ta riga ta fara dukan ƙeya. An ɗora buhunta a kan kar, babbar motar fasinja, direba yana ta danna oda. Sai ga Hamadi, Buzun da ke jan mota a hanyar Asamaka ta bakin iyakar Aljeriya, ya kutso cikin mutane, rawaninsa a karkace, yana magana da Hausarsa ta Buzaye da ba ta raba mace da namiji.

"Inna, gidanka na je, aka ce kana nan. Mace guda cikin waɗanda aka koro daga Aljeriya, ya mutu a mota. Likita ya duba, an ce a binne. Kabari an gina. Liman ya ce babu salla sai da wanka."

"Hamadi, ka nemi wata," in ji Faisal. "Inna tahiya za ta yi."

"Wace wata? Na zagaya Bukoki, kowa ya ce bai iya ba."

'Yargata ta dubi kar, ta dubi rana. Ta san abin da zafin Arlit ke yi wa gawa kafin azahar. Ta sauke ƙafarta daga matakala.

"Inna!" Faisal ya sha gabanta. "Don Allah kada ki kunyata ni gaban mutane. Ba danginmu ba ce, ko sunanta ba mu sani ba."

Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, yau ma ba ta kira ba. "Kai, ɗiyar wani ce. Ba ni hawa mota in bar ta haka nan."

Direba ya leƙo ya ce shi ba zai jira kowa ba. Ta bi Hamadi tana ɗingishi, Faisal na biye yana magiya, Zinatu na bayansu da goyo.

A wani ɗakin langa-langa kusa da tasha aka kwantar da matar. Abokan tafiyarta suna zaune a gindin bango, leɓɓansu a tsattsage, ko tsayuwa ba sa iyawa. Ɗaya tana riƙe da jaririn mamaciyar, yana kuka muryarsa ta dishe. 'Yargata ta sa aka kawo ruwa da ganyen magarya, sannan ta tsaya a bakin ƙofa.

"Hannuna ba ya iya juya ta ni kaɗai. Wa za ta kama mini?"

Matan unguwa da suka zo kallo suka ja da baya, kowacce ta sami abin dubawa a ƙasa. Daga tasha aka ji kar ta tashi. Faisal ya dafe kai.

Zinatu ba kar take saurare ba, jaririn nan take kallo. Uwarta tana can Tawa, tafiya mai nisa. Ta kwance goyonta, ta miƙa wa wata maƙwabciya, ta shiga ɗakin.

A ciki ta ga abin da ba wanda ya taɓa ba ta labari. Matar sa'arta ce, zanen goyo na ɗaure a ƙugunta. 'Yargata ta lulluɓe ta kafin ta taɓa ta, ba ta yarda ko sau ɗaya jikinta ya buɗe ba. Ta fara da dama, ta wanke yashin da ya cika kunnuwa da tsagar ƙafa, ta tsefe gashin ta kama shi gida uku. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa: "Sannu, ɗiyata. Kin sha hanya. Bari mu juya ki, a hankali." Zinatu na zuba ruwa, hawayenta na zuba tare da shi.

"Dubi yadda nika yi," in ji tsohuwar, ba ta ɗago ba. "Gobe ba ni nan."

Da suka fito, maza suka ɗauki makara. Faisal na tsaye da buhun da aka jeho daga saman kar, fuskarsa a murtuke.

"Akwai wata motar gobe," ya ce.

'Yargata ba ta yi musu ba. Ta zauna a kan wani bulo, ta ɗora hannuwanta a cinya, suna ƙamshin magarya, fatarsu ta yamutse don ruwa. Ta gaji, kuma tsoron goben ya kama ta.

Zinatu ta karɓo Hauwa daga maƙwabciya. Ba ta goya ta ba. Ta zo ta durƙusa gaban surukarta, a gaban matan Bukoki duka, ta sa yarinyar cikin hannuwan nan.

"Inna, riƙe mini ita," ta ce. "Ni zan ɗauki buhun, mu koma gida."