Hannun da Malam Tukur ke ɗagawa daga bencin baya

Shekara tara ke nan da muka ɗauki Malam Tukur daga gidansa na Limancin Kona muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa. Farfesa ne a fannin haɗa magunguna, amma in ka kira shi Farfesa a cikin ganuwar Zariya sai ya waiga ya ga ko da wani kake. Shi ya duba aikina na digiri na biyu, shi ya fara damƙa mini alli, kuma aikin da ya bari na horar da sababbin malamai a sashenmu, yau a wuyana yake.

Malam ɗan zaure ne. Mahaifinsa fiƙihu yake karantarwa, Malam ya tashi yana ganin yadda ake ba babban ɗalibi ƙanana ya yi musu bita, malamin na gefe kamar mai gyangyaɗi, alhali kunnensa na kan kowane harafi. Wannan ɗabi'ar ya kwasa ya kai jami'a. Duk ɗalibin digiri na biyu da za a ba aji, ranar farko Malam zai lallaɓo ya zauna a bencin baya. Sai darasi ya yi nisa, bakinka ya saki, ka fara jin kanka, sannan ka hango hannu daga can baya. Tambayar da zai yi maka, ya riga ya tabbatar ba ka san amsarta ba. In ka ce, "Ban sani ba, zan bincika," aji ya zama naka. In ka ƙago amsa mai daɗin ji, ba zai ƙaryata ka a gaban yara ba, amma sai ka ƙara zango guda kana goge masa allo. Kowa ya san tarkon nan, kuma da yawa sun faɗa, don a gaban aji girman kai yakan riga hankali buɗe baki.

Na taɓa ce masa wannan ai tozarta mutane ne. Ya ce, "Sani, magana zarar bunu ce. Ka faɗi abin da ba haka yake ba, yaran nan su rubuta. Gobe ɗayansu na kemis a ƙauye, uwa ta kawo masa jariri da zazzaɓi. Kai kana gida kana cin tuwonka."

Na riƙe al'adar bayan rasuwarsa, har bara. Wani sabon malami, yaro mai hazaƙa, na ɗaga wa hannu, ya ce bai sani ba, kamar yadda ya dace. Ashe wani ɗalibi na ɗaukarsa a waya. Aka yanke farko, aka yanke ƙarshe, aka bar wurin kaɗai yana yawo, har 'yan unguwarsu a Ƙofar Jatau suka sa masa suna Malam Ban-Sani-Ba. Bai ƙarasa shekarar da mu ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: tun daga nan ban sake jin kalmar a bakin wani sabon malami ba. Kowace tambaya tana da amsa nan take, sumul, ko daidai ko ba daidai ba. Ina jin su ta taga idan na wuce, kuma na san inda waɗannan amsoshin za su ƙare.

Me Malam zai ce da ya ga wannan zamanin? Wani lokaci nakan ce zai ƙwace wayoyin a bakin ƙofa. Wani lokaci nakan ji tsoron ko shi ma zai sauke hannunsa ne kawai.

Ranar Litinin mai zuwa 'yarsa ta ƙarshe, Rabi, za ta shiga ajinta na farko, a sashen da ubanta ya koyar. Jiya na je gaishe da mahaifiyarta, ta rako ni har zaure.

Ta ce, "Baba Sani, don Allah kar ka zo ranar Litinin. In na ce ban sani ba, kafin la'asar bidiyona ya zaga Zariya, a ce 'yar Farfesa ce ba ta sani ba. In ban ce ba, da wane ido zan kalle ka?"

Na yi mata sallama na fito. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma barewar nan ba ta yi gudunta a gaban waya ba. Ina tsoron in ɗaga hannu in jefa marainiyarsa a bakin duniya. Na fi tsoron in zauna a ofis, ta gane cewa abin da ubanta ya rayu a kai ana iya ɗage shi don alfarma.

Littattafansa suna nan a ɗakin karatu, an sa sunansa a wani ɗakin taro, ɗalibansa sun zama manya. Duk wannan ba shi ne Malam ba. Mutane kan tambaye ni ko wani abu nasa ya saura a jami'ar nan. Ban sani ba. Zan je bencin baya ranar Litinin in bincika.