Wa Ya Taɓa Motar Clifford?

Clifford Tandy bai yarda da kowa ba. Shekarun da ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyenmu, gindin duwatsun Malvern, ko kare ne ya kaɗa masa jela sai ya ce da wata a ƙasa. Ni Norris maƙwabcinsa ne tun muna da gashi a ka, amma har yau in na gaishe shi sai ya duba aljihu.

Abu ɗaya ya yarda da shi a duniya, motarsa. Launinta kore ne, mai kujera biyu, ba rufi, doguwar gaba, gajeriya har gwiwarka ta fi ƙofarta tsayi. Irin waɗanda ake ƙerawa da hannu ce, ƙashin jikinta katako, aka lulluɓe da ƙarfe. Giyarta gardama gare ta: sai ka taka kuloci sau biyu, ka ɗan ba ta wuta a tsakani, in ba haka ba ta yi ƙarar da za a ji har coci. Matarsa Beryl tun aurensu a kujerar hagu take zama, da ɗankwali saboda iska. Ko sitiyarin bai taɓa bari ta goge ba.

To, bara ya fara cewa ana taɓa masa mota. Duk Alhamis yakan hau bas zuwa Worcester, wai ganin tsohon aboki. Ni dai na yi mamaki, mai mota irin wannan da hawa bas, kuma mutumin da ba shi da aboki! In ya dawo sai ya wuce gareji ya dafa bonet. Da ɗumi. Kwalin da yake shimfiɗawa don ɗigon baƙin mai, ɗigon ya matsa gefe. Ya shafa alli a taya, allin ya koma sama.

"Kai ne, Norris," ya ce min ta kan shinge. "An matso da kujera gaba, kuma duk layin nan ba mai gajerun ƙafafu irinka."

"Ka ji min tsoho! Ni da gwiwar nan? In na shiga kwandon naka wa zai ciro ni?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na tambayi Beryl, ta ce, "Ƙyale shi, ka san halinsa," ta ƙara min shayi.

Wata Alhamis ya yi sallama da ita, ya zaga ta bayan gida, ya shigo kicin ɗina ya zauna kamar alƙali.

"Yau ina nan tare da kai. In mota ba ta motsa ba, na kama ɓarawona."

"Sai ka ci biskit ɗin ɓarawo tukuna," na ce, na tura masa faranti.

Bai taɓa ba. Can sai muka ji injin ya yi tari, ya kama. Clifford ya miƙe har ya zubar da shayi. Motar ta fito a hankali, ta hau titi, aka sa giya ta biyu, sumul, ko ƙis. Ta zo daidai tagata, nisanta da mu bai wuce ka miƙa wa mutum gishiri ba. Ya manna fuska da gilashi, ya ƙanƙance ido.

"Waye? Norris, waye a ciki?"

Ga ɗankwalin nan ja yana kaɗawa, wanda kowa a ƙauyen ya sani, amma shi bai gane ba. A nan na fahimci abokin Worcester. Asibitin ido yake zuwa a ɓoye, don ya san ranar da aka ji, lasisi ya tafi, mota ta bi baya.

Beryl ta hango mu, ta taka birki. Muka fita.

"Ke?" in ji Clifford.

"Ni ce, Cliff. Tun hunturu kake zuba shayi gefen kofi, ka zaci ban gani ba? Ka hau."

"Sayar da ita za ki sa a yi."

"Da sayarwa zan sa a yi, zan sha wahalar kulocin nan? Hau, tsoho, mai na ƙonewa."

Ya daɗe tsaye. Sannan ya zaga hagu, yana shafa jikin motar har ya sami ƙofa. Ya zauna, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Amma hali dai hali, ya juyo gare ta.

"Wa ya koya miki takun nan? Norris ne ko?"

"Kai ne. Tun da ka auro ni ba ka taɓa yi min hira a motar nan ba, ba ka ko juyowa. To, me zan kalla in ba ƙafafunka ba?"

Ta sa giya suka tafi, ina ganin Clifford har suka sha kwana, fuskarsa na wajenta.