Kujerar Baya a Motar Yaya

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, ranar Asabar, mai walda ya ɗora wuta a kan salansar motar Yaya. Na san lokacin saboda ina zaune a benci a rumfarsa a Kwanar Dangora, da littafi a cinyata, na duba agogo don in ga ko za mu koma Kiru kafin azahar. Ban ji komai a raina ba. Daga baya, da na yi ta neman inda abin ya fara, duk inda na bi nan nake dawowa.

Yaya shi ne babban wana. Taki da maganin feshi yake sayarwa a Doguwa. A shekarar ya sayi wata 'yar jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Mai turbo ce. Ya sha yi mini bayani: hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya wata 'yar fanka, fankar ta cusa iska cikin injin da ƙarfi, mota ta ƙara gudu. In hayaƙi ya sami hanya mai faɗi, fankar ta fi saurin juyawa. Don haka ranar aka cire tukunyar salansa, aka cire abin tace hayaƙin nan mai kama da saƙar zuma, aka sa bututu mai kauri. Bututun da aka samu bai kai har bayan motar ba. A ƙarƙashinta ya tsaya, saitin kujerar baya.

Da aka tayar da ita, awakin da ke bakin titi suka watse.

"Alhaji ƙarami, sai ka sayi auduga ka raba wa mutanen Kiru su toshe kunne," in ji mai waldar.

"Kowa ya nemo tasa."

"Malama fa? Ba ta ce komai ba."

"Wannan ba ta magana sai in za a ba ta maki," Yaya ya ce. Suka yi dariya. Na mayar da kaina kan littafi.

Matsala ta biyo baya, amma ta motar. Tun da hayaƙi ya sami hanya, ƙarfin iskar da turbo ke turawa ya daina tsayawa inda aka saita shi. In Yaya ya taka totur a giya ta huɗu, sai ya yi ta hawa. Akwai ɗan agogo a tsakiyar gaban motar mai nuna ƙarfin, da allura fara. Ya ce in allurar ta wuce wani wuri, injin zai iya fashewa. Ni ya sa na ja masa layi a gilashin agogon da jan farce, saboda hannuna ba ya rawa. Na yi amfani da tsinken tsintsiya, layin ya fito siriri, a miƙe. Akwai kuma wani ɗan maɓalli da yake murɗawa a cikin injin, ya ƙara ƙarfin iskar ko ya rage. Kullum da safe sai ya taɓa shi.

A lokacin ina shekara ta uku a kwalejin horon malamai, aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Tudun Wada. Hanyar Yaya ce, sai Umma ta ce ya riƙa sauke ni da safe, ya ɗauko ni da yamma. Aikina a motar shi ne kallon allura. Shi idonsa na kan titi, saboda ramuka da shanu da masu babur. In ta taɓa jan layi in ce, "Ta kai." Sai ya ɗaga ƙafa.

Kujerar gaba babu kowa, amma a baya nake zama. Duk garin da muka ratsa sai an fito kallo, yara su bi mu da ihu, masu shayi su ɗaga hannu. Ba na son a gan ni a cikin wannan ƙara. Baya akwai baƙin gilashi da ba ya buɗuwa, in na lafe a tsakiya babu mai ganina, kuma ina hango agogon sosai. Yaya kuwa gilashinsa kullum a sauke, gwiwar hannunsa a waje, iska na dukan fuskarsa.

Ciwon kai ne ya fara, a goshi, mai nauyi. Yakan sake ni wajen ƙarfe goma, ya dawo da yamma. Sai barci. Sai kuma abin da ban san sunansa ba. Ni mutum ce da in na karanta shafi sau ɗaya, zan iya gaya maka a wane gefe wata jimla take. Ban iya hira ba, ban iya shiga mutane ba, girkina ma sai a hankali. Karatu kaɗai nake da shi, kuma kowa a gidanmu da shi ya san ni. Sai na wayi gari ina kai ƙarshen shafi ban san me ke samansa ba. In koma, in sake. Kalmomin duk na san su. Ba sa dai zama.

Wata rana ina rubuta wa 'yan aji biyu jimla a allo, na kai tsakiya na tsaya da alli a hannu. Wata a gaba ta ce, "Malama, 'saboda' kika rubuta." Na duba, haka ne. Ban san saboda me ba. Na goge, na ce su buɗe littafi. Ban ji kunya ba, kuma ni da ko tari na yi a aji sai na ji kunya. Wannan ya kamata ya tsorata ni. Bai tsorata ni ba.

Umma ta ce karatu ne ya yi yawa. Ta kwashe littattafan daga ɗakina ta kai nata, ta shafa mini man habbatussauda a goshi. Gwaggo ta ce a daina bari ina ratsa hanya da la'asar sakaliya, ta aiko da rubutu na sha. Mai kemis ya ce taifot, na shanye magani. Asabar da Lahadi nakan ɗan ji dama, sai Umma ta ce, "Kin gani? Hutu kike so."

Har aikin allurar ya fara kuɓuce mini. Wata safiya, bayan mun wuce Kwanar Dangora titi ya miƙe, Yaya ya taka. Na ga allurar ta tashi, ta taɓa layi, ta wuce. Ina kallo. Na san akwai abin da nake faɗa a nan. Sai muka ji fus, motar ta saki, ya gangara gefen gonar masara. Tiyon iska ne ya fice. Ya ɗaure shi, ya leƙo ta taga hannunsa duk baƙi.

"Farfesa, barci kike?"

"A'a."

"To me kike kallo?"

"Allurar."

"Kin ga ta wuce?"

"Na gani."

Ya goge hannu. Sai ya ce, "Ko saurayi kika yi ne?" Ya yi dariya shi kaɗai, ya shiga ya ja. Daga ranar ya rage maɓallin, ya daina tambayata.

Tantabaru ne suka tona abin. Umma ta ba ni guda biyu a kwando in kai wa Gwaggo a Tudun Wada. Na ajiye su a ƙasa, kusa da ƙafata. Muna barin Kiru suna ta motsi. Ban lura da lokacin da suka daina ba. Da muka tsaya ƙofar gidan Gwaggo na ɗaga zanen da aka rufe kwandon da shi, duk biyun sun kwanta a gefe, ƙafafu a dunƙule. Na miƙa wa Yaya kwandon na ce, "Sun mutu."

"Zafi ne," ya ce. Amma an kwana ana ruwa, garin a lumshe yake. Ya taɓa su, ya dubi inda na ajiye su, ya dube ni. Ya ce in fito. Ya ɗage kujerar baya, ya buɗe but ɗin motar ya yaye shimfiɗar ciki. Akwai wata 'yar kafa a ƙarfen ƙasan motar da roba ke toshewa. Wutar walda ta narkar da robar tun ranar. Kewayen kafar ya yi baƙi ƙirin, har ƙasan kujerar da nake zama. Ya goga yatsa, ya duba yatsan. Daga baya aka gaya mana cewa gilashin gaba da yake saukewa shi ke ƙara zuƙo hayaƙin ta nan zuwa ciki.

Ya zauna a dakalin Gwaggo ya riƙe kai. Yana ta cewa, "Innalillahi. Me ya sa ba ki ce kina jin wari ba?" Na ce tun ranar farko motar ke wari, na ɗauka haka masu turbo suke. Na tsaya ina kallonsa yana kuka, babban mutum da gemu. Na tuna ina da aji ƙarfe tara, na tambayi Gwaggo ko akwai mai babur a kusa.

Ban sake shiga motar ba. Ya mayar da ita Kiru, ya rufe ta da tamfol a bayan gida, ya koma shiga motar haya. Ciwon kan ya tafi cikin kwanaki. Barcin ma ya ragu. Karatun bai dawo ba. Na ƙarasa koyon aikin da ƙyar, ina rubuta kowace jimla a takarda kafin in shiga aji. Jarrabawar ƙarshe na gabana, shafi kuma yana nan yadda yake, ina zubawa yana tsiyayewa.

Abu ɗaya nake tambaya: zai dawo? Umma ta ce, "In sha Allahu, kamar ba a yi ba." Gwaggo ta ce in daina kira wa kaina masifa. Yaya ba ya iya haɗa ido da ni, sai dai ya aiko da lemo da madara. Jami'in lafiya na garinmu ya ce in ci abinci mai kyau. Duk sun amsa da sauri, tun kafin in rufe baki.

Umma ce ta raka ni wani asibiti a Kano. Likitar mace ce, babba, da tabarau a rataye a wuya. Ta sa na ba ta labarin tun daga rumfar mai walda, ba ta katse ni ba. Ta faɗi sunayen abubuwa biyar ta ce in riƙe. Ta duba idona, ta sa na yi tafiya a kan layi, sannan ta ce in maimaita su. Uku na kawo. Ta rubuta.

Na ce, "Likita, zai dawo?"

Umma ta fara, "Ai mun gaya mata, in sha Allahu..."

"Hajiya, bari in ba ta amsa." Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta fuskance ni. "Ban sani ba. Gubar hayaƙin ta bar jininki tuntuni, ko mun auna yanzu ba za mu ga komai ba. Abin da ta bari a kai ne ba na iya gaya miki iyakarsa. Wasu suna dawowa daidai a cikin watanni. Wasu suna dawowa da saura, su koyi zama da shi. Yarinya ce ke, wannan yana taimaka miki. Hajiya, a mayar mata da littattafanta. Ke kuma ki riƙa karanta shafi ɗaya kullum. In ya zube, gobe ki sake karanta shi. Ki dawo bayan Sallah in sake gwada ki."