Baba Dogo, Wanda Ya Sauko da Igiyar Masaƙa

Manajan masaƙa azzalumi ne, kuma wannan tarihi ba zai rufa masa asiri ba. Shi ne ya sa aka ɗaure igiyar tsayar da injina a can kusa da rufi, inda hannu ba ya kai, domin ya fifita yadi a kan 'yan Adam.

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin a shekarar 1936 a wani gari na bakin kogi. Mahaifinsa masaƙin hannu ne, mahaifiyarsa kuma mai kaɗin zare. Yana aji huɗu aka kafa babbar masaƙa a garin, yadinta mai araha ya kashe sana'ar gidansu, dole ya bar makaranta.

Aiki da aure

A 1954 ya kama aiki a masaƙar da ta talauta ubansa, inda tsawonsa ya jawo masa laƙabin Dogo. Adalci ne a ambaci alherinta: ta kawo albashi, famfo da wutar lantarki a unguwar ma'aikata. Ta kuma kawo tari da kurumta. A 1959 ya auri 'yar wani mai gadi, suka zauna lafiya har mutuwa ta raba.

Al'amarin igiya

Bisa kowane layin injina akwai igiya wadda idan aka ja, aiki ya tsaya nan take. A 1968 sabon manaja ya ce ma'aikata na jan ta don su huta, ya sa aka ɗage ta. Cikin shekarun da suka biyo baya mutane da dama suka rasa yatsu, biyu suka rasa hannu. Da Dogo ya kai kuka, amsar da ya samu ita ce, "Tsawo aka ba ka, ba hankali ba. Koma bakin aikinka."

A 1977 'yarsa ta fari ta kama aiki a layinsa. Wata safiya bel ɗin inji ya cafke hannun rigarta, ya fara jan ta. Dogo ya haye dilar auduga, ya miƙe iyakar tsawonsa, ya fizgo igiyar. Yarinyar ta tsira da karaya kawai.

A ranar ma'aikata suka ajiye aiki, wasu suka zo da kalanzir don su ƙone masaƙar, hukuma kuma ta turo 'yan sanda da bindigogi. Dogo ya tare ƙofa ya ce, "Idan kun ƙone ta, gobe uban wa zai ciyar da ku? Igiya muke nema." Wani ya ce, "Ai kai ne tsaninmu, Baba." Dogo ya ce, "To, ran da tsanin ya kwanta ciwo fa?" Aka yi dariya, aka ajiye kalanzir, ba a harba ko harsashi guda ba. Hukuma ta yi bincike, ta umarta a sauko da igiyar daidai kafaɗar wanda ya fi kowa gajarta. Daga nan har Dogo ya bar aiki, inji bai sake cin hannun kowa ba.

Tsufa da rasuwa

Ya yi ritaya a 1991, kunnensa ya yi nauyi, ƙirjinsa ya cika da ƙurar auduga. Ya rasu a gidansa a 2004, aka binne shi kusa da mahaifinsa, tsofaffin abokan aiki suka ɗauki gawarsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: ta fari, wadda ta zama mai duba lafiyar injina a masaƙar, da hannuwanta biyu, sai makaniki, sai malamar asibiti, sai auta, tela.

Shi kuwa manaja, kotu ta ɗaure shi shekara bakwai, ta kuma haramta masa shugabantar kowace masana'anta har abada.