Uwar Saiwa

A unguwar Bulumkutu, in ka ce Rebeka sai a tambaye ka wacce, amma in ka ce Maman Saiwa kowa zai nuna maka ƙofarta. 'Yar ƙabilar Bura ce daga wani ƙauye a kudancin Biu. Ta biyo mijinta Malam Pindar a 1975, lokacin da aka kawo shi Maiduguri koyarwa. Ba ta da yawan magana, hannunta kuwa bai san hutu ba.

Sana'arta saiwar ƙayar kusu, wata kuranga mai ƙaya da ke hawa itatuwa a bakin rafi. Takan kankare ta, ta shanya, ta dafa da citta da kanumfari da tsamiya, ta tace a tulu. Wasu su sha don daɗi, masu sanyin ƙashi da ƙuraje su sha don neman sauƙi. Maƙwabciyarta Ya Gumsu kullum sai ta kushe shi, wai ɗaci, kullum kuma da kwanonta take shigowa.

Yashin Maiduguri ba ya karɓar kurangar nan. Sau huɗu Rebeka tana dasawa tana mutuwa, don haka duk Kirsimeti sai ta hau mota ta je gida ta haƙo. Matan ƙauyensu suna da ƙa'ida tun kaka da kakanni: a yanki 'ya'yan saiwa, a bar uwar, a mayar mata da ƙasa don na baya su samu.

A shekarar fari ta 1984 ciwon gwiwa ya kwantar da Malam Pindar. Ya bar zuwa makaranta, ya bar zuwa coci, ko tsakar gida sai an riƙe shi. Ƙwayoyin asibiti ya sha har ya gaji. Ruwan saiwar nan kaɗai ke sa ya miƙe ƙafa, ga shi abin da ya rage a buhu bai taka kara ya karya ba.

Da ta isa ƙauyensu a Kirsimetin shekarar, ta tarar rafin ya ƙafe, kurangun duk sun bushe, sai guda ɗaya tal a gindin wata kanya. Ta haƙa. 'Ya'yan saiwar ba su cika tafin hannu ba, na mako biyu ne in an yi tattali. Uwar kuwa ta kai kaurin damtse, za ta kai shi har damina. Rebeka ta daɗe a durƙushe. Ta mayar da ƙasa, ta tashi, ta yi 'yan taku, ta dawo. Ta tumɓuke ta gaba ɗaya, ta naɗe a zani, ta kama hanyar tasha ko sallama ba ta yi wa kowa ba.

Malam Pindar ya ji sauƙi. Ranar Ista da ƙafarsa ya shiga coci yana dogara sanda. Bai taɓa tambayar yadda aka yi saiwar bana ta yi auki haka ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta yi murna, wannan ba ƙarya, amma abin yana cin ta a rai.

Da kaka ta yi, zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana uku. Aka kai shi gida aka binne. Bayan an watse, Rebeka ta gangara rafi. Ruwa ya dawo, ciyawa ta yi shar, amma gindin kanyar wayam. Nan ta iske Kubili, ƙawar marigayiya mahaifiyarta, zaune a ƙasa tana tono da ƙaramar fartanya.

"Yau kwana uku ina zuwa, 'yata," in ji tsohuwar. "Gwiwa ta hana ni sakat. Wanda ya cire uwar nan bai tuna akwai tsofaffi ba. Ko baƙi ne?"

Ba wanda ya ga Rebeka ranar da ta cire uwar. Da ta yi shiru, da shi ke nan.

"Ni ce, Mama."

Kubili ta daɗe tana kallonta.

"Mijin naki ya samu sauƙi?"

"Ya samu. Wata takwas ya yi yana takawa."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ajiye fartanyar, ta miƙo mata hannu.

"To, kama ni mu koma. Ba zan iya hawan tudun nan ni kaɗai ba."